Mai walda a Jidda yana son ya zama mai sassaƙa: ta ina zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Jidda ne, iyayena mutanen Katsina, iƙama gare ni, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ba ni da takardar ɗan ƙasa. Walda nake yi a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a Sina'iyya, unguwar masu sana'ar hannu, ƙofofi da tagogi da rumfunan mota. In an tashi aiki nakan tattara guntayen ƙarfe in haɗa wasu siffofi, har na fara sa hotunansu a Instagram. Babana ya ce sana'ar gumaka ce, abokan aiki kuma dariya suke mini. Shin ana cin abinci da wannan aiki a ƙasar nan? Ta ina ake shiga gidajen baje koli, kuma wa ke ba da aikin manyan abubuwan nan da ake kafawa a shataletale?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ana ci, amma waɗanda ke ci da shi kaɗai ba su da yawa, kuma kusan dukansu sai da suka yi shekaru suna riƙe da wata sana'ar kafin wannan ta ɗauke su. Saboda haka kada ka ajiye aikin warsha. Na daɗe ina aikin ƙarfe da dutse, wani nawa na kaina, wani na masu fasaha da ke kawo zane a haɗa musu, kuma abin da na gani shi ne mai hannu irin naka ya riga ya mallaki rabin da ya fi wuyar koyo. Ɗaya rabin ne ba a koyar da shi a Sina'iyya, a kansa zan fi tsayawa.

Sai dai bari mu fara da maganar Baba, don aikin da mahaifi ke kallo da ƙyama ba ya albarka. Tsoronsa yana da tushe. Jumhurin malamai sun haramta sassaƙa siffar abu mai rai, mutum ko dabba, wadda ke tsaye da jikinta har tana da inuwa. Amma a Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin siffofi yake ciyar da kansa. Ɗan Abbas ya gaya masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. A cikin wannan fili akasarin sassaƙar ƙasar nan ta girma: haruffa, jiragen ruwa, fitilu, butar gahawa, siffofin lissafi. Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Jidda zuwa Makka ya ratsa ta ƙarƙashin babbar ƙofar nan mai siffar Alƙur'ani a kan marikinsa. Mai fasaha ne ya zana ta, Diya Aziz Diya, wanda ya yi karatu a Italiya. Ka ɗauki Baba wata ranar Juma'a da yamma ku bi bakin teku ya gani da idonsa, ka kuma yi masa alkawarin iyakar da ba za ka tsallake ba. In wata siffa ta shige maka duhu, malaminku na unguwa ya fi ni cancantar ba ka fatawa.

Ka kuma san cewa a birnin da ya fi ko'ina tarihin wannan aiki a Saudiyya kake zaune. Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya jagoranci hukumar birnin Jidda daga 1972 zuwa 1986, masanin tsara birane ne, shi ya cika tituna da shataletale da ayyukan sassaƙa fiye da 400. Ya kawo na manyan Turawa irin su Henry Moore da Joan Miro da Alexander Calder, ya kuma ba 'yan gida aiki, irin su Abdulhalim Radwi, haifaffen Makka. Wanda ya kamata ka fi nazari a cikinsu shi ne Julio Lafuente, ɗan ƙasar Sifen. Shi ya yi katon keken nan da aka sa wa shataletale sunansa, shi ya yi motocin da ke cake a jikin dunƙulen kankare don jan kunnen masu gudun wuce sa'a, kuma ya ɗauki ragowar ƙarafan tsohon injin tace ruwan teku na Jidda, Kindasa, ya mayar da su abin kallo. Wato haɗa bola da walda ba sabon abu ba ne a garin nan, masu yi maka dariya a ƙarƙashinsa suke wucewa kullum. Daga baya gishiri da rana suka ci da yawa daga ayyukan, har sai da gidauniyar Art Jameel ta haɗa hannu da hukumar birni a shekarun 2010 aka gyara wasu aka tara su wuri ɗaya a bakin tekun Hamra. Ka je can da tef ɗin awo da littafi, ka durƙusa ka duba yadda aka ɗaure kowanne da gindinsa.

Yanzu abin da ake saye. Ba kyan walda ake biya ba, wannan ana samunsa da kuɗin yini. Ana biyan tunanin da ke bayan abin da sunan wanda ya yi shi. Maha Malluh, mai fasaha 'yar ƙasar nan, tana bin kasuwannin gwanjo tana sayen tsofaffin tukwanen alminiyam da wuta ta ƙone wa gindi, irin na dafa shinkafar biki, ta jera su a bango, ga su yau a manyan gidajen tarihi na duniya. Ta kuma cika farantan katako na masu burodi da tsofaffin kaset-kaset na wa'azi. Ahmad Matar, likita daga Abha, ya ajiye ɗan ƙaramin maganaɗisu baƙi mai kusurwa huɗu, ya zuba garin ƙarfe kewaye da shi, garin ya miƙe ya zagaye shi. Ba Musulmin da zai kalla bai ga ɗawafi ba. An nuna shi a baje kolin aikin Hajji na gidan tarihin Birtaniya a Landan a 2012, kuma kayan da aka yi shi da su ba su kai kuɗin ƙofa ɗaya da kake haɗawa ba. Abdunnasir Garim hafsan soja ne a lokacin da aka yi gwanjon ƙubbarsa ta katako da jan ƙarfe a Dubai a 2011 a kan dala 842,500. Muhannad Shono, wanda ya karanci zanen gine-gine, da ganyen dabino da aka shafe da baƙi ya wakilci Saudiyya a babban baje kolin birnin Benis a 2022. Kowannensu ya ɗauki abin da kowa ke gani kullum ya sa mutane sun tsaya sun sake kallonsa.

To kai me kake da shi wanda ba su da shi? A ganina da yawa. Kakannin Hausawan Hijaz da ƙafa suka keto Chadi da Sudan, wasu suka shekara da shekaru a hanya suna noma suna tara guziri kafin su tsallaka teku daga Sawakin. Unguwannin da mutanenmu suka yi zama a kudancin Jidda, su Karantina da Sabil da Gulel, rusau ya bi ta kansu daga 2021 zuwa 2022. Ƙyamaren gidajen nan da tagoginsu da tankunan ruwa sun ƙare a hannun 'yan gwangwan, kai kuma ka san hannun da ya yi waldarsu, ka san launin fentin da aka fi shafa musu, wataƙila ka san waɗanda suka kwana a bayansu. Ga wayar gashi ta masu tsire, ga kwanon sha, ga akwatin ƙarfe na alhazan da. Wannan kaya ne da ɗan gata mai digiri daga Landan ba zai iya saye ba. Abin da ba na so in gani shi ne ka yanko dagi a faranti ka manna a kan komai don a ce aikin Bahaushe ne. Masu zaɓen ayyuka sun gaji da ado irin na kantin tsaraba, daga nesa suke gane shi.

Abu na farko a aikace shi ne kundin ayyuka. Ka yi guda takwas zuwa goma a kan zare ɗaya, yadda wanda ya ga na uku zai gane mai na bakwai. Siffa ɗaya yau doki gobe jirgi jibi harafi tana nuna hannu, ba ta nuna mutum. Kowanne a ɗauke shi hoto a gaban farin bango da hasken safe, ba tsakiyar warsha da silinda da takalmin wani a gefe ba. A rubuta sunan aikin, shekara, irin ƙarfen, tsawo da faɗi da nauyi. Sai bayani gajere da Larabci da Turanci, layi biyar ya isa. In Turancin bai zauna ba, ka ba wanda ya iya ya gyara, kada ka dogara da fassarar waya.

Kasuwa biyu ce, kuma ba su da hali ɗaya. Ta farko galari, wato gidan baje koli mai sayarwa. A Jidda akwai Athr, wanda aka buɗe a 2009, da Hafez tun 2014, sai Hayy Jameel da aka buɗe a 2021, wanda ba kanti ba ne, cibiya ce mai baje koli da taruka da ɗakunan aiki. A Riyad akwai unguwar JAX a Dir'iyya, tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya da aka mayar wuraren aikin masu fasaha. Ba a shiga galari da sallama da aiki a kafaɗa. Ana zuwa buɗe baje koli, a gaisa, a sake zuwa, har fuskarka ta zama sananniya, wata rana wani mai tsara baje koli ya ce bari ya zo ya ga abin da kake yi. Za a fara sa ka cikin na taron jama'a da aiki ɗaya ko biyu. Na kai kaɗai sai daga baya.

Al'adar galari a ko'ina ita ce raba kuɗin ciniki, sau da yawa rabi da rabi. Sabon shiga yakan ji zafin wannan, amma su ke biyan haya da wuta da ma'aikata, kuma su suka san masu saye. Lissafin da ke kayar da mai sassaƙa shi ne kuɗin kaya. Mai zane da fenti kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba, kai kuwa ƙarfe da gas da fenti da ɗauko da saukewa na iya cinye rabonka kaf. Saboda haka ku yi magana tun farko a cire kuɗin haɗawa kafin a raba. Duk aikin da ya bar hannunka ya fita da takarda mai sa hannu: sunansa, farashinsa, ranar da za a dawo da shi in bai sayu ba, wa zai biya in ya lalace, kwana nawa bayan ciniki za a ba ka kuɗinka. Na ga wanda wani gida ya riƙe wa kuɗi har ya gaji da zirga-zirga, don da baki suka yi magana. Kuma farashi ɗaya ne. Ranar da mai saye ya gano ka sayar wa wani ta Instagram da rabin abin da ya biya a galari, ka rasa shi ka rasa galarin. In ka kai ga zubin tagulla, inda ake fitar da kwafi da yawa daga mazubi ɗaya, ana ƙayyade adadi tun farko, galibi takwas da wasu 'yan kaɗan na mai aikin, a buga lamba a jikin kowanne, kuma ba a ƙarawa ko da kasuwa ta yi kyau.

Kasuwa ta biyu ita ce aikin fili, na tituna da lambuna da harabar manyan gine-gine. Zamanin da shugaban birni zai ga aikinka ya ce a kafa ya wuce. Yanzu hukumomi ne da kwamitoci. An kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, da hukumar fasahar gani a ƙarƙashinta a 2020. Shirin Riyadh Art da aka sanar a 2019 yana da burin kafa ayyuka fiye da 1,000 a babban birnin. A ƙarƙashinsa ake taron sassaƙa na Tuwaiƙ, inda a 'yan shekarun nan ake zaɓo masu sassaƙa wajen 30 daga ƙasashe daban-daban, a ba kowa dutsensa, su yi makonni suna aiki a bainar jama'a, sannan a rarraba ayyukan cikin gari. Akwai baje kolin hamada na Desert X a Al'ula tun 2020, da na fasahar Musulunci da aka fara a 2023 a rumfunan saukar alhazai na filin jirgin Jidda, wurin da kowane Bahaushe ya sani. Ban da waɗannan akwai kamfanonin gine-gine da otal-otal, waɗanda ke sayen aiki ta hannun masu ba su shawara, kuma a nan ƙananan kwangiloli suka fi yawa.

Yadda abin ke tafiya: a fitar da sanarwa, ka tura kundinka da shawarar abin da za ka yi, a tace a bar 'yan kaɗan, a nemi ƙaramin samfuri da kasafin kuɗi. In ka ci, injiniya mai lasisi ya duba ya sa hatimi a kan lissafin gindi da ƙarfin iska. Kuɗin da za ka ji an ambata zai sa ka ɗauka ka yi arziki, alhali mafi yawansa na masana'anta ne da injiniya da babbar mota da kiren da inshora. Ladan mai fasaha ɗan yanki ne, kuma duk kuskuren lissafi daga cikinsa ake cirewa. Biya kashi-kashi ne, na ƙarshe sai an kafa an karɓa, wani lokaci ya daɗe bai fito ba. Wanda ba shi da abin riƙe kansa a tsakani, kwangilar da ya yi murna da ita ce za ta jefa shi bashi.

A nan ne sana'arka za ta yi maka rana, don akasarin masu zane a kwamfuta ba su san abin da ƙarfe ke yi a waje ba. Iskar Jidda gishiri ce da laima. Farin ƙarfen nan, sitenles, mai lamba 304 da kuke yin hannun bene da shi zai fito da ɗigon tsatsa a bakin teku, sai 316, wanda ya fi shi tsada. Ko 316 ɗin ma, in yaronka ya ɗauki faifan saruk, injin yanka da goge ƙarfe, wanda aka yanka baƙin ƙarfe da shi ya goge masa walda, ya shuka masa tsatsa. Bayan wata biyu za ka ga jan layi yana bin ɗinkin kamar an ja da alƙalami, mai aiki kuma ya kira ka. Faifai daban, buroshi daban, teburi daban. Ƙarfen nan mai yin tsatsar ado da masu fasaha ke so, wanda tsatsarsa ke zama masa rigar kariya, yana lafiya a busasshiyar iskar Riyad, amma kusa da teku tsatsar ba ta tsayawa, ci take yi, ta kuma zubar da jan ruwa a kan tayil. Duk bututun da ka rufe ka bar masa hudar fitar ruwa a ƙasa. Ka tuna yara za su hau, kuma ƙarfen da ya sha ranar Yuli yana ƙona tafin hannu. In dutse ne, mita ɗaya ta kowane gefe na garanit ya kai kusan tan 2.7, don haka tun kana zane ka san ta wace ƙofa zai fita da motar da za ta ɗauka.

Ƙofar da ta fi kusa da kai, a ganina, ita ce haɗa wa wasu. Manyan ayyukan da ka gani ba mai sunan ne ya yi waldarsu ba, masana'antu ne da ƙwararru, kuma duk lokacin da babban baje koli ya matso ana neman mai hannu mai tsabta wanda ke karanta zane ya kuma cika alkawari. Shekara biyu a irin wannan aiki za ta koya maka kasafi da kafawa da mu'amala da injiniyoyi, ka kuma san mutanen da ke zaɓe. Haɗarinta shi ne daɗi. Kuɗi na shigowa, ana yabonka, sai ka farka ka ga gashi ya yi fari kana "usta", wato gwanin sana'a, mai gyara wa kowa, ba ka da aiki ko ɗaya da sunanka. Na san masu hannun da ya fi na waɗanda suke yi wa aiki, sun tsaya a nan. Ka ware ranar da ba ta kowa ba ce sai taka, kuma duk wanda ka haɗa wa aiki ya san kai ma kana yin naka. Amma kada ka nuna hoton aikinsa a matsayin naka, ko da kai ka yi kowane ɗinki a jikinsa. Duniyar nan ƙarama ce, magana ɗaya ta isa ta rufe maka ita.

Sai iƙama, wadda ba a wasa da ita. Dokar aiki ba ta yarda baƙo ya yi wa wani aiki ban da wanda ke kan takardarsa ba, ko ya buɗe harkar kansa ba izini, kuma fakewa da sunan ɗan ƙasa a yi kasuwanci laifi ne mai tsanani ga ku biyun. Hanya mai tsabta ita ce aikin haɗawa ya bi ta warshar da kake, da sanin kafilinka, wato wanda iƙamarka ke ƙarƙashinsa, da rasit, nunawa da sayarwa kuma su bi ta gida mai lasisi, ka gaya musu matsayinka tun ranar farko don su tsara takardun yadda ya dace. Sanarwar gasa da tallafi, irin na cibiyar Misk a Riyad ko Ithra a Zahran, ka fara karanta sharuɗɗan shiga kafin komai. Wasu na 'yan ƙasa ne zalla, wasu sun haɗa da mazauna, wasu kuma na duniya ne baki ɗaya, inda fasfonka na Nijeriya zai shigar da kai kamar kowa. Kada ka biya kowa kuɗi don ya "sa ka" a baje koli.

Ka kula da ƙirjinka. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu ba ta fita, sai a yanka da ruwa da takunkumi na gaske mai matata, ba ƙyalle ba. Hayaƙin waldar ƙarfe mai rufin zinki ka riga ka san zazzaɓin da yake sawa. Kuma daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, sai ka sa wannan a lissafin kwanakin kafawa.

Harkar baje koli a nan da sanyi take tashi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, don haka watannin zafi na aiki ne a cikin warsha. Ayyukanka na farko kada su wuce abin da mutum biyu za su ɗaga su sa a bayan wanet, motar a-kori-kura, su kuma shige ƙofar ɗaki ba sai an cire ƙyaure ba. In ka kammala guda biyar, turo mini hotunansu da awonsu, in gaya maka wanda zan ajiye da wanda zan mayar cikin bola. Ka gaishe mini da Baba.